Ɗakin Baranda Mai Kariya A Jirgin Ruwan Yawon Buɗe Ido

Duk wanda ya saba bin bakin teku a Lome ya san jiragen da ke jiran shiga tashar ruwa, wadda aka buɗe a shekarar 1968. Akasarinsu na kaya ne. Amma jefi-jefi akan ga wani mai benaye da yawa ya tsaya yini guda, ya sauke baƙi su zaga Babbar Kasuwa ko su tafi Togoville, da yamma ya tashi. Ɗalibanmu na Zongo sun tambaye mu game da ɗakunan irin wannan jirgi, musamman wanda ake kira mai baranda mai kariya, domin wasu iyayensu 'yan kasuwa sun fara sha'awar tafiyar, kuma kuɗin da ake kashewa ba kaɗan ba ne.

Ɗakunan sun kasu: akwai na ciki wanda ba shi da taga ko ɗaya, akwai mai taga da ba ta buɗuwa, sannan mai baranda. Barandar ma iri biyu ce. Wadda aka fi gani a hotunan talla tana benayen sama, gabanta gilashi ne, kana zaune kana kallon teku. Mai kariya kuwa a cikin gangar jikin jirgin aka yanke ta. Ƙarfe ne sama da ƙasa da gefe biyu, sai wata babbar kafa kamar taga marar gilashi da aka bari a gaba.

Sanannen misali shi ne Queen Mary 2, wanda aka ƙera a Faransa, ya fara aiki a 2004, tsawonsa mita 345. Yana ratsa tekun Atlantika daga Southampton ta Ingila zuwa New York ta Amurka cikin kwana 7. Barandunsa masu kariya suna bene na 4 da na 5 da na 6, kusa da ruwa. Dalilin a fili yake: a wannan hanya akwai iska mai ƙarfi da manyan igiyoyin ruwa, don haka sashen ƙasa yana buƙatar ƙarfe mai ƙwari.

To, me mazaunin ɗakin zai tarar? Da farko inuwa. Mu da muka san zafin ranar Lome a watan Maris ba za mu raina wannan ba. Bature ne ke biyan kuɗi don rana ta gasa shi. Iska ba ta kwashe maka hula, ruwan sama ma ba ya shigowa sosai. Kuma da yake ɗakin yana ƙasa, jirgin bai cika jijjiga mutum ba kamar a sama, balle idan a tsakiyar jirgin yake. Mai saurin jiri da tashin zuciya ya riƙe wannan. Sai sutura: ba a hango ka daga barandun sama, maiɗakinka za ta iya shan iska hankali kwance. Amma idan jirgi ya tsaya a tasha, mutanen da ke ƙasa suna iya ganin wanda ya leƙo.

Abin da za ka rasa shi ne kallo. Idan ka zauna a kujera, ƙarfen gaban yakan tare maka ruwa, sama kaɗai za ka gani, sai ka miƙe tsaye. Ɗakin ma yakan ɗan yi duhu, kuma feshin ruwan gishiri yana jiƙa kujeru idan teku ya tashi. A wasu jiragen ma'aikata kan rufe barandun ƙasa gaba ɗaya har yanayi ya lafa. A ganinmu, ga dattijo ko mai iyali, wannan ɗakin ya fi na gilashi, kuma sau da yawa ya fi shi sauƙin kuɗi.

Game da salla, jirgi yana juyawa, alƙibla ba ta zama wuri guda. Mazhabar Malikiyya da muke bi ta ce ka fuskance ta, ka juya idan jirgin ya juya matuƙar kana iyawa, ka tsaya sai in tsayuwar ta gagara. Cikin ɗaki ya fi dacewa, don baranda ƙunci gare ta kuma daɓenta yakan jiƙe.

Kada a kunna gawayin shayi ko turaren wuta a baranda, an hana. A watan Maris na 2006 gobara ta tashi daga barandar jirgin Star Princess kusa da Jamaika, ta cinye ɗakuna da dama, mutum ɗaya ya rasu. Kafin ka biya dillali, ka sa ya rubuta maka lambar ɗakin da benen, ka duba su a taswirar jirgin, don kalmar baranda kaɗai ba ta nuna wace iri aka sayar maka ba.