Fasahar Jere da Maganar Aiki: Nazari daga Bambeye da Arewacin Adar

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wani reshe na fasahar zamani wanda a Faransanci ake kira «installation», tare da nuna yadda ake amfani da shi wajen faɗin abin da mutum yake ji game da aikinsa. Za mu fara da matsalar suna, domin abin da ba shi da suna a harshe yana da wuyar koyarwa a aji. Daga nan za mu kawo misalan masu fasahar da suka yi magana a kan aiki ta wannan hanya, sa'an nan mu auna abin da sikelin Adar, musamman karkarar Bambeye da ke kudu maso yammacin birnin Tawa. Tambayar da ke gabanmu ita ce: shin wannan fasaha baƙuwa ce ɗungum a ƙasar Hausa, ko kuwa tana da dangi a gida?

2.0 Ma'ana da Matsalar Suna

Mai zane yana aiki a kan takarda ko ƙyalle, mai sassaƙa yana fitar da siffa ɗaya daga itace ko dutse. Shi kuwa mai wannan fasaha kayan da suke akwai yake tarawa, ya tsara su a wani wuri na musamman, ta yadda kayan da wurin da mai kallo za su haɗu su ba da ma'ana. Mai kallo shiga yake yi cikin aikin, ya zagaya, wani lokaci ya ji sauti ko ƙamshi. Galibi kuma aikin na ɗan lokaci ne, in wa'adi ya cika sai a kwashe.

A tarihin Turai akan kai asalin abin ga Marcel Duchamp, wanda a 1917 ya aika da mazubin fitsari na tangaran zuwa wani baje kolin fasaha a birnin New York, watau ya nuna cewa zaɓen abu da ajiye shi a wani muhalli su ma aikin fasaha ne. Bajamushen nan Kurt Schwitters ya ɗauki shekaru yana mai da ɗakunan gidansu na Hanofa wani gini na tarkace har ya bar ƙasar a 1937, bama-baman 1943 kuma suka rusa shi. Sai a shekarun 1970 kalmar ta zauna da ma'anarta ta yau.

Ana iya fassara ta da «girke» ko «kafi», amma kowace tana da nata nauyi. Girka tana tuna wa Bahaushe bori, kafi kuma yana tuna masa asirin tsare gari. Mu dai muna ba da shawarar «fasahar jere». Dalili shi ne jere ya riga ya ƙunshi sharuɗɗan da muka ambata: kaya ne sanannu, ana tsara su a ɗaki, ana kiran mutane su shiga su gani, kuma kowa ya san ba don amfanin yau da kullum aka jera su ba.

3.0 Masu Fasaha Uku da Maganar Aiki

3.1 Tehching Hsieh mutumin Taiwan ne da ya shiga Amurka a 1974, ya zauna shekaru ba takardun zama. Daga 11 ga Afrilun 1980 zuwa 11 ga Afrilun 1981 ya ɗora wa kansa buga kati a agogon ma'aikata, irin wanda masana'antu suke ƙidaya lokacin leburori da shi, sau ɗaya a kowace awa, dare da rana, yana ɗaukar hoton kansa a kowane bugu. Cikin awa 8,760 na shekara, sau 133 kawai ya kuskure. In aka baje aikin, mai kallo yakan tarar da agogon da katunan da dubban hotuna jere a bango. Babu abin da Hsieh ya ƙera a shekarar. Abin da ya nuna shi ne yadda aikin awa yake cinye barcin mutum da zirga-zirgarsa.

3.2 Romuald Hazoumè na ƙasar Benin, haifaffen Porto-Novo a 1962, ya yi wani aiki mai suna «La Bouche du Roi» tsakanin 1997 da 2005. Ya jera jarkokin fetur 304 a ƙasa, bisa tsarin wani sanannen zane na ƙarshen ƙarni na 18 mai nuna yadda ake cusa bayi a cikin jirgin ruwa. Bakin jarka ya zama bakin mutum, mariƙinta ya zama hanci. A gefe kuma akwai fim ɗin masu babur da suke ɗauko fetur daga Nijeriya, jarkoki ɗaure a jikinsu. Gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya baje shi a 2007. Duk wanda ya san sana'ar ƴan ruwa-ruwa a kan iyakar Ƙonni ba ya bukatar tafinta kafin ya gane abin da jarkar take faɗi.

3.3 Ibrahim Mahama, haifaffen Tamale ta arewacin Gana a 1987, ya yi suna da buhunan algarara. Ana saƙa su a Indiya da Bangaladash, a zuba koko a Gana, daga baya su koma ɗaukar masara ko gawayi, kowane mai su ya rubuta sunansa ko alamarsa. Mahama yakan karɓi tsofaffin, ya sa a ɗinke su, ya lulluɓe gine-gine da su, kamar yadda ya yi a baje kolin Venise na 2015. A 2017 kuma ya tara ɗaruruwan akwatunan masu gyaran takalma ya yi bango da su a Landan, tare da taimakon ƴan ci-rani. Irin akwatin nan ne mai shi yake bugawa yana tafe don kiran masu bukata.

Abin lura a misalan nan shi ne ba a zana fuskar ma'aikaci yana kuka ba. Kayan aikin ne suke ba da shaida, da tsufansu da dattinsu da yawansu.

4.0 Aiki a Adar

Adar ƙasa ce ta duwatsu da fako da kwaruruka, damina gajera, rani dogo. Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa take ɗauke da sunansa, ya wallafa tarihinta na kafin zuwan Turawa a 1975. Bayan an soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ta mallaka a 1946, tafiya biɗa ta ƙara ƙarfi. Da an yi girbi sai maza su kama hanyar Nijeriya ko Gana ko Abijan, daga baya har Libiya da Aljeriya, su bar mata da tsofaffi da yara.

Bayan farin 1984 aka buɗe aikin raya karkara na Keita, da kuɗin Italiya, a ƙarƙashin hukumar FAO, ana biyan leburori da abinci. Mafi yawan waɗanda suka fasa dutse, suka ɗauke shi a ka, suka haƙa ramukan tare ruwa, suka dasa miliyoyin itatuwa, mata ne, saboda mazan suna biɗa. Benedetta Rossi ta yi nazarin wannan a littafinta na 2015 a kan bauta da ƙwadago da taimako a Adar. A ƙarshen shekarun 1980 kuma wasu manoman Illela suka ziyarci Yatenga ta Burkina Faso, suka dawo suka inganta haƙan tassa, dabarar ta bazu a jihar.

Saboda haka idan muka ce «aiki» a Bambeye da makwabtanta, abu biyu muke nufi a lokaci guda: wahalar wanda ya tafi, da wahalar wadda ta zauna. Kowannensu yana da kayansa. Na farko yana da jakar tafiya da tiren talla da takardar aiko da kuɗi. Ta biyu tana da tulu da gammo da taɓarya da tiyar awon hatsi.

5.0 Jeren Ɗaki

Kafin a kai amarya, mata danginta sukan je su yi mata jere. A da ƙore ne da faya-fayi da tasoshi, daga baya kwanonin fenti suka shigo, aka riƙa ɗora su bisa juna har kusa da rufi, yau kuma ga kabad na gilashi da kuloli da tangaran. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda ribar tallar yarinya take tafiya wajen sayen kayan ɗakinta. Barbara Cooper kuma, a littafinta na 1997 a kan aure a Maraɗi, ta bayyana cewa kayan ɗaki suna nuna yawan mutanen da uwar amarya ta tara ta hanyar biki da zumunci. Makwabtanmu Woɗaaɓe na wajen Abalak su ma matansu suna baje ƙorensu masu ado a lokacin taron dangi.

Ke nan jere rubutu ne da mata suke iya karantawa. Mai shiga ɗaki takan ƙirga kwanoni da ido, ta san shekara nawa aka yi ana dakan fura ko suyar ƙosai kafin a tara su. Amma akwai bambanci babba tsakaninsa da ayyukan da muka gani a sashe na 3. Jeren ɗaki sakamakon aiki yake nunawa, ya ɓoye gumin. Ba a jera tsohon kasko ko fasasshen tulu, domin manufarsa rufin asiri ce da fita kunya. Fasahar jere ta zamani kuwa abin da aka ɓoye a bayan ɗaki take fitowa da shi tsakar gida.

Wannan ba ya nufin Bahaushe ba shi da kafar kokawa da aiki. Yana da ita, sai dai a baki take: waƙar daka da ta niƙa, kirarin noma a wajen gayya, da habaici. A habaici mai magana ba ta kama suna ba, amma wanda ya tsargu ya ji. A ganinmu nan ne fasahar jere za ta sami gindin zama, watau a matsayin habaici da kaya. Al'adar da ta ɗauki haƙuri da kunya da muhimmanci tana iya karɓar tulu ya yi magana a inda ba za ta so mai tulun ta yi ba.

6.0 Yadda Ake Gina Aikin

Mu ƙaddara wata ɗaliba ƴar Bambeye tana so ta faɗi abin da take ji game da shekarun da mahaifinta ya yi yana biɗa. Mataki na farko shi ne ta tantance abin da take ji, domin «wahala» kalma ce mai faɗi. Jira ne, ko fushi, ko godiya mai haɗe da kewa? In jira ne, sai ta nemi abin da yake ɗauke da shi a jikinsa, alal misali kwanon tuwon maigida da ake kifewa in ba ya nan.

Mataki na biyu shi ne adadi da tsari. Kwano ɗaya a kife labarin gida ɗaya ne. Kwano takwas a layi suna iya zama watannin da ba ya nan. Kwano ɗari kuwa sun zama labarin gari. Dole kowane adadi ya kasance da dalili, kamar yadda awowin Hsieh suke da shi.

Na uku shi ne wuri. Waɗannan kwanoni in an jera su a zauren jami'a, nazari ne. In an jera su a tashar mota ranar da matafiya suke tashi, sun zama magana da mutanen da abin ya shafa kai tsaye. Na huɗu shi ne hanyar mai kallo: ta ina zai shiga, zai sunkuya ne, za a bar shi ya buɗe kwanon ya tarar ba kome? Na ƙarshe shi ne adana shaida da hoto da rubutu, tun da aikin ba mai daɗewa ba ne.

7.0 Matsaloli

Fasahar jere tana da wata sa'a a ƙasar Musulmi, domin ba ta bukatar sura mai rai, wadda malamai da yawa suke ƙyama. Amma tana da nata haɗari. Kayan da aka ajiye a mararraba ko bakin ƙofa ba tare da bayani ba, sammu ko tsafi za a ɗauke su. Don haka neman izinin maigari da yi wa jama'a bayani da Hausa wani ɓangare ne na aikin kansa.

Matsala ta biyu ta tattali ce. A birnin Turai tsohon buhu shara ne, a Adar kuwa kaya ne, sai ya zama igiya ko shimfiɗa kafin a rabu da shi. Wanda ya ɗauki hauyar manomi ya kai baje koli ya raba shi da abin nomansa. Mahama yakan ba ƴan kasuwa sababbin buhuna a madadin tsofaffi, wannan kuma hanya ce abar koyi.

Ta uku ita ce ta haƙƙi. Wanda ya jera kayansa don faɗin damuwarsa yana da ikon yin haka. Wanda ya jera kayan wasu kuwa yana iya tona asirin gidan da bai ba shi izini ba, ko ya ci riba da gumin da ba nasa ba. Matan da suka ɗauki duwatsun Keita an sha ɗaukar hotonsu don rahotanni. Bai kamata fasaha ta maimaita wannan ba tare da an tambaye su abin da su suke so a gani ba.

8.0 Kammalawa

Mun nuna cewa kalmar «jere» tana iya ɗaukar ma'anar wannan fasaha, kuma jeren ɗaki ya riga ya koya wa jama'a karanta aiki a jikin kaya, ko da yake shi alfahari yake bayyanawa, ita kuwa sabuwar fasahar takan bayyana har da abin da ke ci wa mutum tuwo a ƙwarya. Aikin da ya rage na fili ne: a tattara kalmomin da matan Adar suke amfani da su wajen yabon jere ko kushe shi, a kwatanta su da na Maraɗi da Damagaram da Kano. Daga cikinsu ne za mu sami ƙamus ɗin da za a yi sharhin wannan fasaha da shi da Hausa, kuma muna fatan ɗalibanmu masu neman batun kundi za su duba wannan fage.