Alƙalin Da Ya Ci Zaɓe Da Sunan Wasu

Mai karatu, ɗauka cewa ka shiga rumfar zaɓe an miƙo maka doguwar takarda cike da sunayen 'yan takara. Ka gangaro kan kujerar alƙalin Kotun Ƙoli ta jiha, sai ga sunaye biyu. Ɗaya ba ka taɓa jin sa ba, ɗayan kuwa kunnenka ya saba da shi shekara da shekaru. Wa za ka dangwala wa? Kada ka yi saurin amsawa, domin mutanen jihar Teksas ta Amurka sun amsa wannan tambaya a 1976, kuma sun ji a jikinsu.

A Teksas zaɓen alƙalai ake yi da ƙuri'a, kowa ƙarƙashin tutar jam'iyyarsa. Kotun Ƙolin jihar tana da alƙalai tara, wa'adin kowanne shekara shida, kuma gare ta ake ƙarewa a ɗaukaka ƙara kan rikicin fili, kwangila, bashi da gado. A wancan zamani duk wanda ya ci zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Dimokurat, to kusan ya gama. A shekarar kuwa mutum biyu ne suka nemi kujera guda a wannan zaɓen fidda gwanin.

Na farko Charles Barrow, shugaban kotun ɗaukaka ƙara ta birnin San Antonio, dattijon da ya daɗe yana shari'a, lauyoyin jihar kuma kusan duk suna bayansa. Na biyu wani matashin lauya ne daga Houston, ɗan shekara talatin da 'yan kai, mai suna Don Yarbrough. Bai taɓa zama kan kujerar alƙali ba. Abin da aka ruwaito ya kashe a yaƙin neman zaɓe bai wuce dala 350 ba. Masana suka ce ai babu ma takara a nan. Ashe sun manta da abu ɗaya.

Teksas ta san wani Ralph Yarborough, wanda ya yi sanata daga 1957 zuwa 1971. Ta kuma san wani Don Yarborough, shi ma lauya daga Houston, wanda ya nemi gwamna har sau uku, a 1962 da 1964 da 1968. Dubi sunan da kyau, mai karatu: harafi ɗaya tak ya raba shi da na matashin lauyanmu. Dubban mutane suka ga sunan suka ce ai namu ne. Aka ƙirga ƙuri'u, Barrow ya sha ƙasa, kuma da rata mai yawa. Kama da wane dai ba ta wane, amma wa ya tsaya dubawa?

Sai a lokacin 'yan jarida suka fara tona. Suka tarar mutumin yana da ƙararraki fiye da goma a kansa, yawanci na abokan hulɗar kasuwanci da ke cewa ya cuce su. Ƙungiyar lauyoyin jihar ta shiga neman a ƙwace masa lasisi. Da aka tambaye shi abin da ya sa ya fito takara, sai ya ce Allah ne ya umarce shi. To, kai ne mai zaɓe, ka karanta duk wannan, ga babban zaɓe na tafe a watan Nuwamba. Me za ka yi?

Jam'iyyar Rifablikan ba ta tsayar da kowa ba, saboda haka sunansa kaɗai ke kan takarda. Masu son hana shi suka fito da 'yan takarar da sai mai zaɓe ya rubuta sunansu da hannunsa. Ɗaya daga cikinsu sunansa Sam Houston, takwaran gwarzon da Teksas ke alfahari da shi a tarihinta. Duk da haka ba ta ɓulle ba. Yarbrough ya sake lashewa, aka rantsar da shi a Janairun 1977.

Wata shida kawai ya yi da rigar alƙalanci. Wani tsohon abokin harkarsa ya haɗa kai da masu gabatar da ƙara, ya riƙa ɗaukar hirarsu a asirce. A cikin kaset ɗin aka ji alƙalin Kotun Ƙoli da bakinsa yana shawarar yadda za a kawar da wani tsohon ma'aikacin banki da zai iya ba da shaida a kansa. Aka tuhume shi da yin takardar mota ta jabu da kuma rantsuwa kan ƙarya. Majalisar jiha ta zauna za ta tsige shi, sai ya riga ta, ya ajiye aiki a Yulin 1977. Kana jin ya ƙare ke nan?

A 1978 kotu ta same shi da laifin rantsuwar ƙarya, ta yanke masa shekara biyar. Ya ɗaukaka ƙara bai yi nasara ba. Da lokacin shiga gidan kaso ya yi a 1981, sai aka neme shi aka rasa. Can sai ga shi a tsibirin Grenada na yankin Karebiyan, wai ya shiga makarantar koyon aikin likita! Gwamnatin tsibirin a lokacin ba ta ga maciji da Amurka, don haka ya zauna abinsa. Sai a 1983, da ya taka ƙafa zuwa tsibirin Saint Vincent da ke maƙwabtaka, aka cafke shi aka dawo da shi Teksas ya yi zaman kaso.

Kujerar da ya bari fa? Gwamna Dolph Briscoe ya naɗa Charles Barrow a kanta, mutumin nan da jama'a suka kayar, ya kuma zauna har 1984.

Zaɓen farko ana iya cewa kuskure ne, suna ya ruɗi mutane. Na biyun kuwa an yi shi ne bayan jaridu sun shafe watanni suna fallasa. Wasu ba su karanta ba, wasu sun karanta sun manta, wasu kuma rubuta sunan wani da hannu ya yi musu wahala. Har yau Teksas da ƙuri'a take zaɓen alƙalanta. Yarbrough dai ya biya nasa a kurkuku. Waɗanda suka zaɓe shi sau biyu fa, mai karatu, wace kotu za a kai su?