Tankin da Babu Mai Ya Fi Cikakke Haɗari: Darasi daga Jirgin Altmark

Jirgin yaƙi duk girman bindigoginsa, in babu mai da abinci, gungumen ƙarfe ne kawai a kan ruwa. Shi ya sa rundunonin ruwa ke da jiragen dakon kaya masu bin su har tsakiyar teku, su miƙa musu tiyo su ɗura mai, su ba su abinci da harsasai. Ɗaya daga cikin irin waɗannan jirage shi ne Altmark na Jamus, kuma ƙarshensa abin lura ne ga duk mai hulɗa da fetur.

A shekarar 1939, da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, Altmark ne ke ciyar da jirgin yaƙin nan Admiral Graf Spee a kudancin tekun Atlantika. Graf Spee ya nutsar da jiragen 'yan kasuwa tara, aka tura yawancin ma'aikatansu cikin Altmark a matsayin fursunoni. A ranar 16 ga Fabrairu 1940, jirgin Birtaniya mai suna Cossack ya rutsa shi a wani lungun ruwa na ƙasar Norway, sojoji suka haura suka kuɓutar da fursunoni kusan 300. Altmark ya tsira, aka sake masa suna Uckermark, ya koma bakin aiki. A 1941 ya yi wa manyan jiragen yaƙi Scharnhorst da Gneisenau hidima, a 1942 kuma ya ratsa tekuna har Japan.

Abin da abokan gaba suka kasa, shi ya faru a tashar Yokohama ranar 30 ga Nuwamba 1942. Jirgin na tsaye, babu wanda ya kai masa hari, sai fashewa ta tarwatsa shi. Sama da mutum 50 na cikinsa suka mutu, wutar ta cinye wani jirgi mai suna Thor da ke gefensa. Abin da aka fi zato shi ne tartsatsi daga kayan aikin masu gyara kusa da tankunan mai.

A nan darasin yake. Ba ruwan fetur ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne. Tankin da aka juye, tururi ne ke cike gurbin, ya gauraya da iska, sai ya jira tartsatsi ɗaya. Tururin nan ya fi iska nauyi, don haka yakan kwanta a ƙasa ya rarrafa har inda wuta take.

Saboda haka, mai walda, kada ka ɗora wuta a kan duro ko tankin mota don an ce maka "ai babu komai a ciki". A wanke shi sosai, a bar bakinsa a buɗe, a cika shi da ruwa kafin aiki. Kada a leƙa tanki da ashana ko fitilar aci-balbal. A kashe janareta, a bar shi ya huce kafin a ƙara masa mai. Jarkar da aka juye ma kada a ajiye ta kusa da murhu.

Jirgin Uckermark yana da ƙwararrun injiniyoyi da dokar soja, amma tururi bai ƙyale shi ba, balle garejin bakin titi. Gemun wani ya riga ya kama wuta tun 1942. Saura mu shafa wa namu ruwa.