Kwararafa Bayan Isha'i: Abin da Ake Buƙata Kafin Kasuwa Ta Kwana a Buɗe

A watan Yulin 2025 shugaban Ghana, John Mahama, ya ƙaddamar da shirin da zai sa masana'antu da kasuwanni su riƙa aiki dare da rana, ma'aikata na karɓa-karɓa kashi uku.  Mu mutanen Jos muna da ma'auninmu a gida, wato unguwar Kwararafa, wadda ta taɓa sanin hada-hadar dare, daga baya ta rasa mafi yawanta.

Dattawan unguwar suna tuna zamanin da ake tashi daga silimar Kwararafa cikin dare, a tarar da mai shayi da mai tsire suna ciniki, kowa ya tako da ƙafa zuwa gida ba fargaba. Jos garin kuza ne, ya tara Bahaushe da Birom da Bayarabe da Ibo, kuma kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929, yana samar da lantarki daga ruwan Kurra tun kafin garuruwa da yawa su ga ƙwan fitila.

Tsoro ne ya fara cinye wannan dare. Rikicin 7 ga Satumba 2001 ya raba unguwanni, gobarar Fabrairun 2002 ta lashe babbar kasuwar Taminus, sannan aka sake gwabzawa a Nuwamba 2008 da Janairu 2010. Bama-bamai sun tashi a Taminus ranar 20 ga Mayu 2014, wasu kuma a Yulin 2015, cikin daren azumi, a masallacin 'Yan Taya da wani gidan abinci. Kowace tarzoma na zuwa da dokar hana fita. Ana ɗage dokar, amma ɗabi'ar rufe shago da wuri ta zauna, domin wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi gudu. Mai saye daga wata unguwa ya daina tsallakowa bayan magariba, ciniki ya ragu, matasan da ke cin abinci da aikin dare suka koma zaman kashe wando. Saboda haka sharaɗi na farko na farfaɗo da kasuwar dare shi ne aminci, irin wanda zai sa mutumin Anguwan Rukuba ya shigo Kwararafa ƙarfe goma na dare hankalinsa kwance.

Na biyu wuta. Tela da mai walda da mai injin niƙa za su yi aiki har asuba in lantarki ya tsaya. Janareta kuwa ya fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023. Dokar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi damar tsara harkar wutarsu, kuma Filato mai magudanan ruwa da hasken rana ba ta da uzurin zama a duhu.

Na uku abin hawa. An hana acaɓa a Jos da Bukuru tun 2012, Keke Napep kuma yana wuya in dare ya raba. Ma'aikacin da bai san yadda zai koma gida ba, ba zai karɓi aikin dare ba.

Sai dai ko an cika waɗannan, tsawaita lokacin ciniki kaɗai ba ya ƙara kuɗi a aljihun mai saye. Riba tana wurin sarrafa kaya. Filato na noma dankalin turawa a Bokkos da Mangu, ga tumatir da kabeji da karas da ake lodi zuwa Kudu, kuma kayan gwari ba sa jiran gobe. Da akwai ɗakunan sanyi da wuraren tantancewa da injinan markaɗe masu aiki cikin sanyin daren Jos, da asarar manomi ta ragu, 'yan dako da direbobi sun sami ƙarin aiki, cunkoson rana ma ya sassauta.

Akwai kuma illa da ya kamata a tara tun da wuri. Aikin dare yana cin lafiya, yana raba magidanci da iyalinsa, yana iya jefa yara masu talla da almajirai cikin haɗari. Dole a tsara ladan dare da hutu, a hana sa yara, a tanadi kariya ga mata.

Shawarata ita ce a fara da kaɗan. A haskaka titin da ya haɗa Kwararafa da Taminus, a ajiye 'yan sanda tare da 'yan sintiri na unguwannin da rikici ya raba, a sa motocin haya su kai sha biyun dare. Mai shayi da mai gidan burodi ba su taɓa barin daren ba duk tsawon shekarun nan. In suka ga baƙin fuska sun dawo teburinsu, sauran 'yan kasuwa za su buɗe ƙofa da kansu.