Gyaran Ƙaramin Babur a Gida: Abin da Ya Kamata da Abin da Bai Kamata Ba

'Yan'uwana ɗalibai, yawancinmu idan mun gama karatu a nan, makarantun ƙauye za a tura mu, inda mota ba ta shiga sai ran kasuwa, bakanike kuwa sai an yi tafiya mai nisa kafin a same shi. A irin wannan wuri ƙaramin babur shi ne dokin malami. Shi zai kai ka makaranta, shi zai kai ka karɓar albashi, shi ne kuma zai ɗauki mara lafiya zuwa asibiti da tsakar dare. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mai da na kayan gyara sun hau ƙwarai. Saboda haka na ga ya kyautu in rubuta ɗan abin da na koya, domin kada albashinmu ya ƙare a garejin bakanike.

Baburan da na ke nufi su ne ƙanana masu araha, irin su Bajaj Boxer na ƙasar Indiya, da Jincheng na ƙasar Sin, da jikokin Honda Super Cub, wanda aka fara ƙerawa a Japan a 1958, har ya zuwa 2017 aka ƙera fiye da miliyan 100. An yi su ne da sauƙin fasali domin mai shi ya iya kula da abinsa. Ba tsufa ke kashe su ba, sakaci ne da kuma ƙarin da ba shi da kan gado.

Kayan aikin ba su da yawa: sifana mai lamba 8, 10, 12, 14 da 17, da sifanar filogi, da sukundireba, da filaya, da famfon iska, da tsumma mai tsabta. Ka nemi kuma ɗan littafin da ke zuwa tare da babur, gama ma'aunin kowane iri yana ciki.

Da fari, baƙin mai. Shi ke hana ƙarfe cin ƙarfe a cikin inji, yana kuma taimakawa wajen sanyaya shi. Waɗannan ƙananan injuna lita ɗaya su ke sha ko ƙasa da haka kaɗan, don haka man ba ya daɗewa bai gaji ba. Kowace safiya ka tsai da babur daidai a wuri mai baje, ka zaro sandar awo, ka goge, ka mayar, ka sake dubawa. A hanyoyinmu masu ƙura, shawarata ita ce a juye shi bayan kilomita 1,500 zuwa 2,000. Ka juye shi sa'ad da injin ke da ɗumi, domin dattin ya biyo shi. Abu ɗaya da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kulocin irin wannan babur a cikin baƙin man ya ke wanka. Waɗansu mayukan mota suna da santsin da zai sa kuloci ya riƙa zamewa. Ka sayi wanda aka yi domin babur, mai alamar 4T a jikin gwangwani, ka guji na kwalba da ba a san asalinsa ba.

Na biyu, matatar iska. Inji ba mai kaɗai ya ke ci ba. In an bi nauyi, kashi ɗaya na fetur yana bukatar kamar kashi 15 na iska kafin ya ƙone sarai. Idan matatar ta toshe da ƙurar hunturu, iska ta ragu, sai babur ya riƙa zuƙar mai, yana fitar da baƙin hayaƙi, ƙarfinsa kuma ya ragu. In ta soso ce, ka wanke ta da kananzir, ka matse ba tare da murɗewa ba, ta bushe, sa'an nan ka shafa mata baƙin mai kaɗan. In ta takarda ce, ba a wanke ta, sai dai a kakkaɓe ko a sake sabuwa. Kada ka yarda wani ya ce maka a cire ta domin babur ya ƙara gudu. Ƙura yashi ce mai laushi, in ta shiga inji za ta cinye ringi da fistin.

Na uku, filogi. Ni a wurina filogi kamar littafin aikin ɗalibi ne, in ka duba shi za ka san halin da ake ciki. Idan bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa ne, inji yana lafiya. Idan baƙi ne busasshe mai kunkunniya, mai ya yi yawa ko iska ta kasa. Idan baƙi ne jiƙaƙƙe da baƙin mai, ringi sun soma gajiya. Idan kuwa fari ne fat, mai ya kasa, inji yana zafi fiye da kima, wannan shi ne ya fi hatsari. Tazarar bakin filogi a yawancinsu tana tsakanin milimita 0.6 da 0.8. Wajen mayar da shi, ka fara murɗawa da hannu kafin ka sa sifana, gama kan injin na alminiyon ne, zarensa ba ya jimre ƙarfi.

Na huɗu, sarƙa da birki da taya. Ka danna sarƙa a tsakiya, ta yi wasa sama da ƙasa kamar milimita 20 zuwa 30, watau wajen inci ɗaya. In ta yi sako-sako tana iya zamewa ta kulle tayar baya kana cikin gudu. In ta ɗame ainun, za ta cinye haƙoranta. Wajen jan ta, ka daidaita alamun da ke ɓangarorin biyu domin taya ta tsaya sak. Birki kuma yana da notin daidaitawa a ƙarshen sandarsa. Idan ka ɗaure shi har ƙarshe amma birki bai kama ba, takalman birkin sun ƙare ke nan, sai sabbi. Iskar taya a duba ta da safe kafin taya ta yi zafi.

Idan babur ya ƙi tashi, kada ka hau kwance-kwance. Inji abu uku ya ke so: mai, da wuta, da matsi. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, daga mai sauƙi. Akwai mai a tanki? Makunnin mai a buɗe ya ke? Sa'an nan ka cire filogi, ka mayar masa da hularsa, ka jingina shi a jikin inji nesa da ramin, ka buga, ka ga ko shuɗin tartsatsi zai fito. In akwai mai da wuta, amma ƙafar tayarwa tana sauka salab ba nauyi, to, matsi ne babu. Wannan ya wuce aikin gida.

Yanzu sai maganar sauye-sauye, wadda ita ce samari suka fi so. Akwai waɗanda ke da amfani. Ga misali, faifan nan mai haƙora da sarƙa ke hawa. A ce na gaba yana da haƙora 14, na baya 42. Raba 42 da 14, ka sami 3, watau na gaba zai juya sau uku kafin taya ta juya sau ɗaya. In ka sa na baya mai haƙora 45, lissafin ya zama 3.2 da 'yan kai. Babur zai ƙara ƙarfin hawan tudu, amma gudunsa zai ragu, zai kuma ƙara shan mai a miƙaƙƙiyar hanya. Malamin da aka tura ƙasar duwatsu, kamar Filato ko Mambila, zai amfana da wannan. Wanda ke shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ya bar shi yadda ya zo. Ga kuwa darasin lissafi mai kyau da za ka kai wa 'yan aji shida. Haka kuma taya mai manyan ƙuraje tana da amfani a taɓon damina, da ƙwan fitila mai haske wanda ya dace da wutar babur ɗinka.

Amma akwai sauyin da ɓarna ce kurum. Sa'ad da na je koyarwar gwaji, na ga samari suna huda salansa domin ƙara, suna cire madubi domin ado. Huda salansa yana ɓata daidaiton mai da iska, yana kuma damun maƙwabta. Mai cire madubi kuwa ya makantar da ƙeyarsa da hannunsa. Waɗansu kan ƙara tsawon kariya domin ɗaukar buhuna. Ku tuna da darasin ma'auni: nauyin da ya wuce bayan tayar baya yana ɗaga ta gaba, kan babur ya yi sakayau, birkin gaba ya rasa kamu. Waɗansu kuma in fis ya ƙone sai su ɗaura waya a madadinsa. Fis an yi shi ne ya mutu domin sauran su tsira, in ka hana shi mutuwa, wayoyin babur ne za su kama wuta.

Ga gargaɗi uku. Kada ka taɓa fetur kusa da fitilar kananzir ko murhu. Kada ka tayar da babur cikin rufaffen ɗaki, gama hayaƙinsa yana da guba marar wari mai kashe mutum. In za a yi walda a jikinsa, a cire tanki da batir tukuna. Hular kwano kuma ba abin kunya ba ce. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya ta soma tilasta sa ta tun 1 ga Janairu, 2009, kuma yara suna kallon malaminsu.

Buɗe cikin inji, da sa ringi, da miƙe kafar taya, waɗannan a bar wa masu sana'a, gama kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma sauran, rabin sa'a ran Asabar ta ishe ka. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mana hanya.