Amsoshin Takardunku: Me Ke Sa Madubin Hangen Nesa Ya Nuna Abu Biyu?

 Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi kuma ɗan kasuwa a karkarar Ɗambatta. Ya ce ya sayi madubin hangen nesa mai ido biyu, don duban jinjirin watan azumi da hango tsuntsayen jan-baki kafin su sauka wa geronsa. Tun ranar da madubin ya faɗo daga kan keke, in ya dubi rimi ɗaya sai ya ga biyu, ga ciwon kai. Yana tambaya, shin ya mutu ke nan, ko yana gyaruwa?

To Malam, yana gyaruwa. Madubin nan bututu biyu ne, kuma dole su fuskanci wuri guda, kamar shanun huɗa a karkiya ɗaya. In ɗaya ya kauce ko da kaɗan ne, idanunka za su yi ta wahalar haɗa hotunan biyu, daga nan ciwon kan yake zuwa. Kaucewar sama da ƙasa ta fi muni, domin ido ba ya iya jure ta.

A cikin kowane bututu akwai gilasai masu kusurwa da ke miƙe hoto, dabarar wani Ba'italiye, Ignazio Porro, wanda ya yi mata rajista a 1854. Kamfanin Carl Zeiss na Jamus ya fara ƙera irin wannan madubi a 1894. A yawancin tsofaffin, babban gilashin gaba yana zaune cikin zobba biyu waɗanda raminsu ba a tsakiya yake ba, wato gefe ɗaya ya fi kauri. In ka juya zoben, gilashin ya ɗan gusa, hoton ma ya gusa.

Ga yadda za ka yi. Ka aza madubin a kan katanga don kada ya motsa, ka saita shi a kan wayar lantarki ko rufin masallaci mai nisa. Ka ja fuskarka baya kamar taƙi ɗaya. In layin da ke idon dama bai haɗu da na hagu ba, ka ga ciwon. Sai ka kwance murfin gaba na bututu ɗaya, ka sassauta zoben da ke riƙe da gilashin, ka yi alama da fensir a inda zobban suke. Ka juya zobe ɗaya kaɗan, ka duba. Ka juya ɗayan, ka sake dubawa, har hoton ya zama ɗaya, sannan ka ɗaure. Kada tsinin ƙarfe ya taɓa gilashin. Ka kuma sani gyaran gida ya fi dacewa da tazarar idanunka kai kaɗai; in wani ya buɗa madubin ko ya tsuke shi, yana iya ganin biyu.

In ka girgiza shi ka ji ƙara a ciki, to gilashin ciki ne ya goce, zobe ba zai yi magani ba. Ka kai wa mai gyaran kyamara a Kano.

Sai gargaɗi: ran duban wata, ka bari rana ta faɗi sarai. Duban rana da wannan madubi yana makantarwa. Allah ya nuna mana watan lafiya. A huta lafiya.