Idan Allon Rubutu Na Arduino Ya Ƙi Nuna Kome

Da yawa daga cikin ɗaliban kwalejojin fasaha da ke ƙera na'ura don aikinsu na shekarar ƙarshe sukan yi amfani da wata ƙaramar kwamfuta da ake kira Arduino. An fara yin ta a shekarar 2005 a garin Ivrea na ƙasar Italiya, samfurinta kuwa da ya fi yaɗuwa, watau Uno, ya fito a 2010. A kan haɗa ta da wani ɗan allo mai layi 2, kowane layi yana ɗaukar haruffa 16, domin ya riƙa nuna zafi ko yawan ruwan tanki ko ƙarfin batir. Sau da yawa ɗalibi yakan gama haɗi, ya ba da wuta, allo ya yi haske amma babu rubutu. Daga nan sai ya yanke hukunci allon ya mutu, ya sake zuba kuɗi, sabon kuma ya yi masa irin ta tsohon, ga ranar jarrabawa tana matsowa.

Gaskiyar magana, da wuya allon ya zama shi ke da laifi. Kusan dukansu suna bin tsarin wata ƙwaƙwalwa ta kamfanin Hitachi mai suna HD44780, kuma abin da allon ya nuna yakan bayyana inda cutar take.

In akwai haske amma fuskar allon fayau take, sai a fara da ƙafa ta 3 cikin ƙafafunsa 16. Ita ce ke daidaita duhun rubutu. A kan sa mata abin murɗawa irin na ƙara muryar rediyo, mai ƙarfin om 10,000, gefe ɗaya a kan bolt 5, ɗayan a kan GND. A murɗa shi sannu a hankali daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Rubutu yakan kasance yana nan tun farko, ido ne kawai ba ya ganinsa. Hasken baya kuwa ba shaida ba ne, gama ƙafa ta 15 da ta 16 ne ke ba shi wuta, ba ruwansu da ƙwaƙwalwar allon.

In kuwa layin sama ya cika da baƙaƙen akwatuna, na ƙasa babu kome, to, allon lafiyarsa lau. Ya sami wuta, umurnin farawa ne bai iso gare shi ba. A nan sai a tabbata ƙafa ta 5, watau RW, tana haɗe da GND, domin in an bar ta a sake allon ba zai san rubutu ake so ya karɓa ba. Sa'an nan a bi wayoyin RS da E da D4 zuwa D7 ɗaya bayan ɗaya, a gwada su da lambobin da aka rubuta cikin shirin kwamfutar. Haka kuma lalle ne a like ƙafafun allon da dalma. Masu koyo da dama sukan zura su cikin huda kurum, suna zaton sun kama.

Waɗansu alluna suna zuwa da ɗan faifai a baya wanda ke rage wayoyin zuwa 4. Irin wannan yana da adireshi, galibi 0x27 ko 0x3F, in an kira shi da wanda ba nasa ba sai ya yi shiru. A kan Uno wayar SDA tana tafiya A4, SCL kuma A5.

Akwai kuma allon da yakan fara aiki sosai, sai injin ruwa ko rile ya tashi, rubutu ya rikice. Dalili shi ne da wayoyi 4 kowane harafi kashi biyu ake aika shi, in kashi ɗaya ya ɓata a hanya duk abin da ya biyo baya ya karkace. Maganinsa a gajarta wayoyi, a raba wa injin wutarsa, a sa ƙaramar kafasita kusa da ƙafa ta 1 da ta 2.

Mai rubuta Hausa yana da tasa matsalar dabam. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ ba su cikin waɗanda aka ajiye a ƙwaƙwalwar allon, wadda yawanci haruffan Turanci da na Japan take ɗauke da su. In an aika ƙ, sai wata baƙuwar alama ta fito a madadinta. Amma allon ya ba da gurbin haruffa 8 da mutum zai zana da kansa, kowanne ɗigo 5 a faɗi, 8 a tsawo. Manya da ƙananan waɗannan haruffa uku gurbi 6 za su ci, har a sami rara 2.

Saboda haka kafin ɗalibi ya nufi kasuwa, ya kamata ya ɗauki mita ya auna bolt 5 tsakanin ƙafa ta 1 da ta 2, ya murɗa abin daidaita duhu, sa'an nan ya bi wayoyinsa. In ya canja abu ɗaya, ya gwada tukuna kafin ya taɓa na biyu, don ya san wanda ya yi magani.